Na rasa yatsu uku a bakin aiki: kamfanin inshora ya ƙi biyana, kuma yana ci gaba da cirar kuɗi a asusuna

Baban Hanifa, Ja'en:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar inshora, ko waɗanda irin abin da ya same ni ya taɓa samu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekarata 11 ina aikin injin narka roba a wata masana'anta da ke Sharaɗa. Kimanin shekara huɗu da suka wuce wani wakilin kamfanin inshora ya zo wurin aikinmu lokacin hutun azahar, ya yi mana bayanin inshorar hatsari da naƙasa, ya ce duk wanda ya shiga, idan ya samu raunin da ya naƙasa shi, za a biya shi har naira miliyan 3. Mu kusan goma muka cike fom a ranar, kuma tun daga lokacin ake cirar naira 2,500 daga asusuna ranar 28 ga kowane wata.

Ranar 9 ga Fabrairun bana, ana saura kamar minti ashirin mu tashi daga aikin dare, injin ya kama hannuna na dama. Tiyata biyu aka yi mini, na kwana 26 a gadon asibiti, aka yanke manuniya da yatsan tsakiya da wanda ke bi masa. Babban yatsa da ƙaramin suna nan, amma ba sa haɗuwa. Maɓallin riga sai mai ɗakina ta ɓalla mini, kuma yanzu da hagu nake sa hannu, har sai da banki ya sa na sake rajistar sa hannun.

Kwana uku da faruwar abin mai ɗakina ta kira wakilin nan a waya, ya jajanta, ya ce mu kwantar da hankalinmu, zai shigar da maganar. Da na ji shiru, sai na je ofishinsu da kaina a watan Afrilu, aka ce mini ya bar aiki, kuma babu wani abu da aka shigar da sunana. Na cike fom, na kai rahoton likita da hoton ƙashi, daga nan aka fara yi mini jeka-ka-dawo: yau a ce fayil ɗin yana hedikwata a Legas, gobe a ce wanda ke riƙe da shi ya tafi hutu. A watan Satumba wasiƙa ta zo da dalilai uku na ƙin biya. Sun ce ban sanar da su cikin kwana 30 ba. Sun ce kuɗin watan Janairu bai shiga ba, saboda haka ranar hatsarin ba ni da inshora. Gaskiya ne albashinmu na Janairu ya makara, sai 4 ga Fabrairu aka biya. Sun kuma ce naƙasata ba cikakkiya ba ce. Amma a ƙarshen wasiƙar suka ce don kyautatawa za su ba ni naira 240,000 idan na sa hannu a wata takarda da suka haɗo da ita.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, har watan jiya alat ɗin cirar 2,500 bai fasa shigowa ba. Ita kuwa masana'antar ta biya kuɗin asibiti, ta ba ni rabin albashi na wata uku, sannan a watan Yuni manaja ya ce babu aikin da ya dace da ni, kuma abin da suka kashe a asibiti shi ne haƙƙina. In sa hannu in karɓi kuɗin? In je banki in dakatar da cirar? Ko akwai wata ƙofa da ban sani ba?

Tsohon ma'aikacin inshora, Tarauni:

Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce. Na yi shekara 22 a wannan sana'a, fiye da rabinsu a teburin biyan masu neman haƙƙi, saboda haka irin wannan wasiƙa na rubuta ta da hannuna ba sau ɗaya ba.

Kada ka sa hannu a takardar nan tukuna. Ita ce takardar sallama, kuma idan ka karanta ta da kyau za ka ga jimlar da ke cewa ka karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe. Da zarar hannunka ya hau kanta an rufe fayil, kuma sake buɗe shi ya fi haƙa rijiya da allura wuya. Ka kuma lura da wani abu: kamfanin da ya tabbata cewa ba ka da inshora ranar hatsari ba ya buƙatar ƙarin dalilai biyu, ba ya kuma buƙatar ya yi maka tayin kuɗi. Jera dalilai uku tare da tayi, a sanina, alama ce ta cewa babu ɗaya daga cikinsu da suka amince zai iya tsayawa da ƙafarsa.

Mu fara da kuɗin Janairu, domin shi ne mai haɗari. Suna jingina ne da ƙa'idar nan ta “ba biya, ba inshora”, wadda take sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003, dokar da muka yi aiki da ita kafin sabuwar dokar gyaran harkar inshora ta 2025 ta maye gurbinta. Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fara tsananta aiki da ƙa'idar ne daga Janairun 2013. Amma akasarin yarjejeniyoyin da ake biya wata-wata suna ɗauke da wa'adin sassauci, sau da yawa kwana 30, wanda a cikinsa inshorar tana nan daram ko da kuɗin ya makara. Ka ɗauko kundin yarjejeniyar da aka ba ka, ka nemi wannan sharaɗi. Sannan ka je banki ka karɓi takardar shige da ficen asusunka daga Disamba zuwa yau, mai hatimi, ba wadda ake turowa ta waya ba. Kada ka dogara da abin da ka tuna. Na'urar cirar kuɗi takan sake gwadawa bayan 'yan kwanaki idan ta tarar da asusu babu kuɗi, kuma mutumin da ke fama da aikin dare ba lallai ya lura da alat ba.

Batun sanarwa kuwa, wanda aka shiga da shi ɗakin tiyata sau biyu yana da uzuri bayyananne, ga kuma kiran da iyalinka suka yi wa wakilinsu tun yana ma'aikacinsu. Ku duba wayar, ko kiran ko wani saƙo yana nan, ku ɗauki hotonsa. Sakacin wakili ba laifinka ba ne.

Na uku shi ne inda mutane suka fi yin asara, kuma a nan zan ɗan tsaya. Kalmar “cikakkiyar naƙasa” a bakin ɗan inshora tana nufin abu kamar rasa idanu biyu, ko hannu biyu, ko shanyewar jiki gaba ɗaya. Rashin kaiwa wannan matsayi ba ya nufin ba a biya, domin irin wannan yarjejeniya takan zo da jadawali a shafukan baya, inda aka yanka wa kowace gaɓa kasonta daga cikin kuɗin. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malamai: a fiƙihu diyyar hannu ɗaya rabin diyyar rai ce, kowane yatsa kuma kashi ɗaya cikin goma, kuma hannun da aka shanyar da shi ana biyan diyyarsa kamar wanda aka yanke. Bambancin shi ne jadawalin inshora yana fifita wani yatsa a kan wani. Amma shi ma galibi yana da wannan jimla, cewa rasa amfanin gaɓa har abada daidai yake da rasa gaɓar. Tunda ka ce yatsun da suka rage ba sa haɗuwa, tambayar da za ta raba gardama ita ce, yatsu uku ka rasa, ko amfanin hannu ɗungurungum?

Likita ne kaɗai zai amsa wannan, kuma a rubuce. Rahoton da aka saba bayarwa yana faɗin abin da aka yi ne: an yi tiyata, an yanke kaza, an sallami majinyaci. Wannan bai ishi ma'aikacin inshora ba. Ka nemi likitan ƙashi, wanda ya yi maka aikin ko wani ƙwararre a Asibitin Ƙashi na Dala, ya auna ƙarfin riƙon hannun da motsin yatsun, ya rubuta ƙarara ko naƙasar ta dindindin ce, da kashi nawa cikin ɗari na amfanin hannun ya tafi. Ka tafi masa da kwafin jadawalin domin ya ga kalmomin da ake nema.

Kada ka dakatar da cirar kuɗin yanzu, duk da na san tana ci maka rai. Kowace cira bayan Fabrairu hujja ce a hannunka cewa su da kansu suna ɗaukar yarjejeniyar a matsayin rayayya. Idan ka haɗa takardun, ka rubuta wa shugaban kamfanin wasiƙa, ka amsa dalilan ɗaya bayan ɗaya, ka kai kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Idan suka yi ƙememe, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma kamfanoni ba sa son wasiƙar da ta fito daga can.

Maman Walid, Rijiyar Zaki:

Sannu Baban Hanifa, Allah ya ƙara sauƙi, ya saka wa mai ɗakinka da alheri, domin na san abin da take ɗauke da shi. Ni ba masaniya ba ce, abin da ya same mu kawai zan faɗa, ko wani zai tsira da shi.

Maigidana yana da rumfar atamfa a Kantin Kwari, ya kuma ci bashin wani banki, wanda a cikin kuɗin da aka cire tun farko har da na inshorar da aka ce za ta biya ragowar bashin idan ya rasu ko ya naƙasa. Mota ta buge shi a kan babur, cinyarsa ta karye gida biyu. 'Yan'uwansa suka ce asibiti yanke ƙafa za su yi, aka wuce da shi wurin mai ɗori, ya yi wata biyu a can. Ƙafar ba ta haɗu daidai ba, daga baya dole aka koma asibiti, yanzu da sanda yake tafiya kuma ba ya iya tsayuwar kasuwa. Da muka je neman haƙƙinmu, abu na farko da aka tambaye mu shi ne rahoton 'yan sanda da katin asibiti na ranar hatsarin. Ba mu da ko ɗaya. Na zazzage ledar takardunmu a kan teburin matar da ta karɓe mu a ofishin, rasit na magani, da hoton ƙashi, da takardar bashi, ta ɗaga su ɗaya-ɗaya, ta ce duk kwanan watansu ya zo bayan wata biyu, ba su da abin da zai nuna musu cewa hatsari ne ya jawo, ba jinyar da aka yi a gida ba. A nan maganar ta mutu, bankin kuma ya ci gaba da cirar kuɗinsa har sai da muka sayar da filina na gado.

Kai ka fi mu sa'a ta wannan fuska, tunda daga injin asibiti aka kai ka, kuma akwai shaidu. Ka riƙe kowace takarda, ka yi kwafinta, kada ka ba kowa ta asali. A kan cirar kuɗi ne kawai na ɗan saɓa da Baba na Tarauni: idan suka dage cewa inshorarka ta mutu tun Janairu, to sai su dawo maka da duk abin da suka cira daga lokacin, kuma ka rubuta wannan a wasiƙar. Ba zai yiwu su ce ta mutu wajen biya, tana raye wajen cira ba.

Lauya mai bin shari'un ma'aikata, Gyaɗi-Gyaɗi:

Malam Baban Hanifa, shawarar da aka ba ka a kan kamfanin inshora ta wadatar, ba zan ƙara komai a kai ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne layi biyun da ka rubuta a ƙarshe game da masana'anta, domin haƙƙinka mafi girma yana can, kuma lokacinsa yana ƙurewa.

Inshorar da ka saya da kuɗinka daban, diyyar rauni a bakin aiki daban, kuma karɓar ɗaya ba ya hana ka neman ɗayar. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke kula da shi, ta kuma hana su cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da ma'aikacin dindindin da na wucin gadi da mai koyon sana'a. Wanda ya samu cikakkiyar naƙasa ta dindindin ana biyansa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata. Wanda tasa ba cikakkiya ba ce, kamar yadda taka za ta iya kasancewa, ana ƙiyasta abin da raunin ya rage masa na samu, a biya shi kashi 90 cikin ɗari na wannan. Hukumar tana kuma iya ɗaukar nauyin jinya, da gaɓar roba, da koyar da wata sana'a. Maganar manajanku cewa kuɗin asibiti shi ne haƙƙinka ba ta da gindi a doka.

Ga wa'adin da dokar ta sa. Ma'aikaci zai sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14. Kai wannan bai dame ka ba, tunda a gabansu abin ya faru kuma su suka biya asibiti. Wurin aikin zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Ita kuma takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara ɗaya daga ranar rauni, sai dai idan akwai uzuri na musamman, inda za a iya karɓa har zuwa shekara uku, kuma ba na so ka dogara da wannan rangwame. Yau muna cikin Oktoba, wato abin da ya rage maka bai kai wata huɗu cikakku ba.

Saboda haka cikin makon nan ka rubuta wa masana'antar, ka tambaye su lambar rajistarsu da hukumar da kwafin rahoton da suka kai a kan hatsarinka. Kada ka jira amsarsu. Zuwa da kai ya fi aike, ka je ofishin NSITF na Kano da katin shaidar aikinka da takardun albashi da rahoton likita, ka tambaya ko an kai rahoton. Idan aka yanke hukuncin da bai gamsar da kai ba, kana da kwana 180 ka nemi a sake dubawa, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa (National Industrial Court), wadda take da reshe a nan Kano. Idan kuwa ta bayyana ba su taɓa yin rajista ba, ka zauna da lauya kafin ka ɗauki kowane mataki, domin zaɓi tsakanin diyyar asusun da ƙarar masana'antar kai tsaye yana da sakamakon da ba a warware shi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa.

Idan ana zuba maka fansho, ka sani Dokar Fansho ta 2014 ta yarda wanda likitoci suka tabbatar naƙasa ta hana shi aiki ya taɓa asusunsa kafin ya cika shekara 50. Wannan ka bar shi a matsayin mataki na ƙarshe.

Dattijo daga Fagge:

Yaro, ni na ga jiya na ga yau, kuma na ga mutane da yawa sun ƙarar da takalmansu a ofisoshin nan. Kana da iyali, ba ka da albashi tun Yuni, ga kuɗin makaranta. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Naira 240,000 za ta kafa maka teburin sayar da kati ko ɗan kanti a ƙofar gida, ka bar sauran ga Allah. Ban ce masana sun yi kuskure ba, amma wasiƙa ba ta cika tukunya.

Tsohon ma'aikacin inshora, Tarauni:

Alhaji, maganarka ta manya ce, kuma a kan irin wannan matsi ake lissafa tayin tun farko. Shi ya sa yakan zo bayan an gajiyar da mutum wata biyar ko shida. Abin da nake roƙo shi ne mako biyu kacal, ya ga takardar banki da jadawalin, sannan ya yanke shawara yana sane da abin da zai bari. A sanina tayi irin wannan ba ya guduwa don an nemi lokacin nazari, sau da yawa ma ƙaruwa yake yi idan suka ga mutum ya fara rubutu. Hajiya Maman Walid kuma ta yi gaskiya, a saka wannan jimla tata a wasiƙar kamar yadda ta faɗe ta.

Baban Hanifa, Ja'en:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan mahaifa. Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya mayar muku da abin da kuka rasa. Na jinkirta amsa ne domin in zo da abin da na gani da idona.

Kundin yana cikin akwatin mai ɗakina, ƙarƙashin takardun haihuwar yara, ko buɗe shi ban taɓa yi ba tun ranar da aka ba ni. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Bayero ya zauna da ni muka bi shi layi-layi. Wa'adin sassaucin yana shafi na 7, kwana 30 ne. Jadawalin ya ba manuniya kashi 10, yatsan tsakiya 6, na kusa da shi 5, wato kashi 21, wanda ya kama naira 630,000 ko da yatsun kaɗai aka lissafa. Hannu ɗaya kuwa kashi 50 ne, kuma jimlar rasa amfani da Baba ya ambata tana nan a ƙasan shafin da ƙananan haruffa.

Ranar Talata na karɓi takardar banki. Cirar 28 ga Janairu ba ta yi nasara ba, amma ranar 5 ga Fabrairu da ƙarfe 6:12 na safe an cire naira 2,500 da sunan kamfanin, kwana huɗu kafin hatsarin. Na sa ma'aikacin bankin ya buga hatimi a kan wannan shafi musamman.

Barista, na kai wa masana'antar wasiƙar jiya. Sakatariyar ta ƙi buga hatimi a kwafina sai da na zauna a benci kusan awa biyu, manaja ya fito ya karanta ta a tsaye, ya ce in dawo Litinin. Ofishin NSITF zan je gobe da safe in sha Allah, likitan ƙashi kuma ya ba ni ranar 23 ga wata. Alhaji na Fagge, ban yar da shawararka ba; takardar sallamar tana nan cikin ambulan ɗinta, na ajiye ta a saman kwaba. Abin da nake so Baba na Tarauni ya faɗa mini shi ne, in aika wa kamfanin inshorar wasiƙar yanzu da takardar banki kaɗai, ko in jira rahoton likitan in haɗa su gaba ɗaya?